Idan Daɓen Siminti Ya Lotsa: Gano Dalili da Gyaran da Zai Daɗe

Duk inda ka ga tsakar gida ta yi kwari tana tara ruwa, ko daɓen gindin bango ya rabu da ginin ya sunkuya, ko wurin ajiye mota ya dare gida biyu, yawanci ƙasar da ke ƙarƙashi ce ta janye jiki ta bar kankaren a rataye, nauyinsa kuma ya kai shi ƙasa. Kankare mai kaurin santimita 10 yana kai kilo 240 a kowace murabba'in mita. Gyaran da aka fi yi shi ne a kira magini ya kwaɓa siminti ya cike kwarin ya shafe. Wurin zai yi kyau har zuwa damina. Amma santimita 5 da aka ɗora an ƙara wa ƙasar da ta riga ta gaza fiye da kilo 100 a kowace murabba'in mita, ita kuma ba a taɓa ta ba. Don haka aikin daga ƙasa yake farawa, siminti shi ne na ƙarshe.

Abin da ke janye ƙasa

Na farko, kuma wanda ya fi yawa, shi ne cikon da ba a danne ba. Lokacin gini ana haƙa ramin harsashi da faɗi, a jera bulo, sannan a turo ƙasar da aka fitar a mayar gefen bango da shebur, ba kirɓi ba komai. Haka ake yi wa ramin da aka binne bututun ruwa ko na bayan gida. Irin wannan ƙasa sai ta sha damina biyu ko uku kafin ta gama zama, alhali an zuba mata daɓe tun a makon da aka mayar da ita. Alamarta ba ta ɓuya: lotsawar tana bin layi, ko dai tsawon gindin bango, ko ta miƙe daga banɗaki zuwa sokawe.

Na biyu ruwa ne. Indararo yana zuba a wuri ɗaya shekara da shekaru, ruwan ya samu tsaga tsakanin daɓe da bango ya shige, ya riƙa kwashe lallausar ƙasa kaɗan-kaɗan har kogo ya samu. Bututun da ke yoyo a ƙarƙashin ƙasa ya fi indararo ɓarna, domin shi ba ya jiran damina. Haka ambaliyar tankin sama da ruwan wanke-wanke da ke kwanciya a gindin famfo.

Akwai kuma filin da asalinsa kududdufi ne ko bola aka cike. A tsofaffin garuruwa irin su Kano da Zariya, ramukan da aka haƙi ƙasar gini da yawa an cike su da shara an yi gidaje a kai. Shara tana ruɓewa tana raguwa, kuma ba ta da ranar gamawa. Kututturen bishiya da aka sare aka binne saiwarsa haka yake yi, ga shi yana kiran gara, ita kuma gara da gafiya suna barin ramuka a ƙarƙashin daɓe. A yankunan baƙar laka, kamar wajen Dikwa da Ngala a Borno da kwarin Binuwai wajen Numan, ƙasar ce take kumbura da damina ta tsuke ta dare da rani, daɓen ya riƙa hawa da sauka har ya karye.

A kula da saiwar darbejiya. Sau da yawa mai gida yana ganin wani ɓangare ya yi ƙasa, ashe ɗaya ɓangaren ne saiwa ta ɗaga. Idan tudun yana fuskantar bishiya, a tona gefensa a duba kafin a yanke hukunci.

Awo da bincike kafin a sayi ko buhu ɗaya

Ka ɗaura igiya daga wurin da bai motsa ba zuwa wani wurin da bai motsa ba, ta ratsa kan kwarin, a ja ta sosai. Auna daga igiyar zuwa daɓe a kowane rabin mita, ka rubuta adadin da alli a wurin. Idan filin yana da faɗi, siririn tiyo mai haske da aka cika da ruwa ya fi igiya gaskiya, domin ruwan bakinsa biyu kullum a tsayi ɗaya yake tsayawa.

Daga nan ɗauki guntun rodi ko guduma ka bi daɓen kana ƙwanƙwasawa. Inda kankare ke zaune a kan ƙasa sautin gajere ne mai nauyi, inda akwai kogo kuwa za ka ji yana amsawa. Zagaye duk wurin da ya amsa da alli. Yawanci za ka tarar kogon ya fi kwarin da ido ke gani faɗi.

Don gano yoyo, cika tankin sama da daddare, rufe duk famfunan gida, yi alama a bakin ruwan, ka duba da asuba kafin kowa ya taɓa famfo. In ruwa ya ragu, akwai inda yake zuwa. Na bayan gida kuma, buɗe murfin ramin dubawa na kusa da sokawe, wato ƙaramin ramin da bututun ke ratsawa, a zuba bokiti biyu a banɗaki, ka ga ko ruwan ya iso da ƙarfinsa.

Sai tambayar da ta fi kowace: lotsawar ta tsaya ko tana ci gaba? Shafa ɗan kwaɓin siminti siriri a kan tsagar a wuri biyu ko uku, ka rubuta kwanan wata. In bayan wata ɗaya ko biyu, musamman cikin damina, shafen ya tsage, ƙasa tana kan motsi, kuma duk gyaran sama asarar kuɗi ne.

Abu biyu sun wuce aikin magini shi kaɗai. Idan bangon ɗaki ma ya tsage a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, tsagar ta kai milimita 5, ko ƙofofi sun fara cijewa, matsalar ta kai harsashi, a nemi injiniyan gini. Idan kuma lotsawar a kan sokawe take, ko salga, ko inda ake zaton tsohuwar rijiya ce, a killace wurin nan take a hana yara hawa. Murfin rami a rataye yake a kan rodi, in ya fara lotsawa burmawa ce ke tafe. Kada kowa ya shiga ramin don ya duba, iskar da ke ciki tana kashe mutum kafin ya yi kira. A kwashe ramin, a gyara bangonsa, a zuba sabon murfi mai rodi.

Toshe hanyar ruwan

Ko wace hanya za a bi daga baya, wannan ne farko. A canza bututun da ya fashe, a gwada shi da ruwa kafin a binne. Ruwan indararo a saukar da shi ta bututu ko a yi masa magudanar siminti da za ta kai shi aƙalla mita ɗaya da rabi nesa da bango. Kututture a tone shi duka. In an ga gidan gara, a fasa shi a sa maganin gara yadda takardar jikinsa ta ce.

Ɗori a kan tsohon daɓe

Ɗori yana da wurinsa: lotsawa ba ta wuce santimita 4 ko 5 ba, babu kogo, shafen gwaji bai tsage ba, tsohon kankaren kuma yana da ƙarfi, ba ya marmashewa in an karce shi da ƙusa. Abin da ke kashe ɗori shi ne rashin kamawa. Sai an sassare fuskar tsohon daɓen da guduma da ƙarfen fasa siminti har tsakuwa ta bayyana, a wanke ƙura da gansakuka da man mota tas. A jiƙa wurin tun da daddare, da safe a share ruwan da ya kwanta, a bar shi da danshi kawai. Sai a dama zallar siminti da ruwa, in da hali a sa ruwan SBR, mai taimaka wa sabon siminti ya kama tsoho, da ake sayarwa a shagunan kayan gini, a goga shi da tsintsiya mai tauri, a zuba kwaɓin a kai tun bai bushe ba. In ya bushe kafin a zuba, shi kansa ya zama abin da zai raba sabo da tsoho.

Kaurin da bai kai santimita 4 ba, siminti ɗaya yashi mai kaushi uku. Daga santimita 4 zuwa sama a sa ƙananan tsakuwa masu milimita 10. Kada a ja bakin ɗorin ya sirance har ya ɓace a jikin tsohon daɓe, nan ne yake fara ɓarewa. A yanka layi da giranda a zagaye, a sassare zurfin santimita 2, sabon kwaɓin ya ƙare da kauri. Duk tsagar da ke tsohon daɓe za ta fito a sabo, don haka a ja layin gaɓa, wato tsagin da ake yi wa kankare da gangan, daidai kanta, ta fito a miƙe. A kuma duba tsayi: daɓen waje ya zauna aƙalla santimita 15 ƙasa da daɓen ɗaki, in ba haka ba ruwan sama zai fara shiga ta ƙofa ko ya jiƙa gindin bango.

Cike kogo ta huda

Idan daɓen bai karye ba, bai sauka sosai ba, amma yana amsawa, ana iya cike kogon ba tare da an fasa ba. A huda ramuka masu faɗin santimita 3 zuwa 4, tazarar santimita 60 zuwa 90, kada ko ɗaya ya matsi baki ko tsaga da ƙasa da santimita 30. Kafin huda a tabbatar ba wayar lantarki ko bututu a ƙasa. Zura waya ta kowane rami ka auna zurfin kogon, daga nan za ka ƙiyasta yawan abin da zai ci. A kwaɓa siminti ɗaya da tankaɗaɗɗen yashi mai laushi uku, ruwa-ruwa kamar kunu mai ɗan kauri. A sa guntun bututu mai tsawon mita ɗaya a ramin da ya fi gangara, a toshe gefensa da tsumma, a ɗora mazurari a riƙa zubawa ana motsa kwaɓin don kada yashi ya kwanta. Tsayin bututun ne ke tura shi. In ya ɓullo ta rami na gaba, a toshe na farko a koma can. Bayan kwana biyu a sake ƙwanƙwasawa, domin kwaɓi mai ruwa yana ɗan sauka, a ƙara inda ya rage.

Wannan cikewa ce kawai, ba ta ɗaga daɓe. Ɗagawa ta huda sai da famfo mai matsi. A Amurka tun shekarun 1930 ake tura kwaɓin ƙasa da siminti ta ramuka a ɗaga kankaren titi, daga baya aka samu kumfar foliyuretan da ake turawa ta huda mai milimita 16, ta kumbura ta sandare cikin kamar minti 15. Aikin kamfani ne mai kayan aiki, kuma shi ma in ba a tsayar da ruwan da ya ci ƙasar ba, daɓen zai koma. In kuma ana ta zuba kwaɓi rami bai cika ba, ya ci ninkin abin da aka ƙiyasta, a tsaya. Wataƙila yana zurarewa cikin fasasshen bututu ko sokawe, kuma siminti a bututun bayan gida masifa ce ta daban.

Ɗagawa da jak

Ƙaramin falle da ke da gefe a buɗe, kamar matakalar ƙofa ko fallen hanyar shiga gida, ana iya ɗaga shi. Sharaɗi shi ne kaurinsa ya kai santimita 10, bai tsage ba, tsawonsa bai wuce mita ɗaya da rabi ba in babu rodi a ciki. Yawancin daɓen tsakar gida santimita 5 ne da kwaɓi mai yashi da yawa, jak na taɓa shi zai karye.

A raba fallen da maƙwabtansa da giranda, a haƙa rami a gefen da ya sauka, a shimfiɗa katako mai kauri a gindin ramin, a ɗora jak ɗin mota biyu. Tsakanin kan jak da kankare a sa ƙarfe mai kusurwa ko katako mai ƙarfi don nauyin ya bazu. A ɗaga santimita ɗaya-ɗaya, jak biyun tare, ana cusa guntayen katako ko cikakken bulo ana tokarewa. Hannu ba ya shiga ƙarƙashi ko da na daƙiƙa ɗaya ne. In an kai tsayin igiya, a cusa kwaɓi mai ɗan danshi, siminti ɗaya yashi shida, da sanda ana kirɓawa daga can ciki zuwa waje, a ƙarasa da kwaɓi mai ruwa ta huda. Tokaren ya kwana uku kafin a zare jak, a mayar da ƙasar ramin a danne.

Fasawa a sake zubawa

Daɓen da ya karye gutsi-gutsi, ko ya sauka fiye da santimita 5, ko ƙasarsa na kan motsi, fasa shi ya fi araha in aka yi lissafin shekaru. A yanka iyakar wurin da giranda a miƙe, a wuce alamar kogo da santimita 30, don fasawar kada ta bi cikin lafiyayyen daɓe. A jiƙa wurin yanka, a sa tabarau da abin rufe hanci, ƙurar kankare tana lalata huhu.

A kwashe ƙasa mai laushi, da shara, da saiwa, har a kai ƙasar da diga ke shiga da ƙyar. Gwajin mai sauƙi ne: rodi mai milimita 12 in ka danna shi da nauyin jikinka ya nutse, ba a kai ba tukuna. A baƙar laka a ƙara kwashe santimita 30 zuwa 45 a maye da burji. A filin bola mai zurfi ba za a kai ƙasa mai kyau da shebur ba; a nan bulon shimfiɗa mai shiga juna ya fi kankare dacewa, domin in ya lotsa ana ɗaga shi a ƙara yashi a mayar.

Nan ne ainihin aikin yake, kuma nan leburori suka fi son yin sauri. Ciko da burji ko jar ƙasa mai tsakuwa ake yi, hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 10 in da hannu za a danne, 15 in da inji. A yayyafa ruwa, ba a malala ba. Damƙi ƙasar a hannu: in ta dunƙule ba ta jiƙa tafin hannu ba, ka sake ta ta faɗi ta rabu gida biyu ko uku, danshin ya yi. In ta watse ta bushe da yawa, in ta manne a yatsu ruwa ya yi yawa, a bari ta sha iska. Al'adar cika rami da ƙasa a sakar masa tiyo ya kwana tana aiki ne a zallar yashi. Jar ƙasa da laka in suka sha ruwa haka caɓi suke zama, sama ta bushe ta yi tauri, ciki na nan da laushi. Wanda bai samu hayar injin danne ƙasa ba, ya zuba kankare a bokitin fenti ya kafa sanda a tsakiya, ya samu madaɓi mai kilo 15 zuwa 20. A bi kowane hawa har sai dugadugan takalmi sun daina barin sawu. Guntayen tsohon daɓe suna da amfani a hawan ƙarshe in an farfasa su ba su fi dunƙulen hannu ba, aka cike tsakaninsu da yashi. Manyan falle da fasasshen bulo mai rami da aka jefa haka nan sabon kogo ne aka gina.

Gangara a jikin cikon ake fitar da ita, santimita 2 a kowace mita, daga bango zuwa magudana, don kaurin kankare ya zama ɗaya ko'ina. A shimfiɗa leda mai kauri a kai, tana hana busasshiyar ƙasa tsotse ruwan kwaɓi. Kauri santimita 10 a wurin tafiya, 12 zuwa 15 inda mota ke hawa. Ragar ƙarfe tana riƙe tsaga kada ta buɗe, amma ba ta hana lotsawa, kuma sai an ɗaga ta a kan ƙananan duwatsu ta zauna tsakiyar kaurin. Wadda aka shimfiɗa a kan leda kuɗinta ya tafi a banza.

Kwaɓi ɗaya-biyu-huɗu ne. Buhun siminti mai kilo 50 kwanon sarki biyu ne, saboda haka kowane buhu yana cin kwano 4 na yashi mai kaushi, kwano 8 na tsakuwa mai milimita 20, da ruwa kamar jarka ɗaya mai lita 25, a rage in yashin jiƙaƙƙe ne. Wuri mai mita 3 da mita 2 a kaurin santimita 10 zai ci buhu 4, yashi kwano 16, tsakuwa kwano 32. A sayi buhu na biyar saboda ƙasa ba ta taɓa zama daidai. Buhun da ya yi ƙulalai masu tauri ya sha danshi, a mayar. Yashin da ke barin jan datti a tafin hannu yana da laka, zai raunana kankaren. Ƙara ruwa don kwaɓi ya yi saurin bazuwa shi ne ya fi komai rage ƙarfi. Masu aikin su sa takalmin roba da safar hannu, ɗanyen siminti yana ƙona fata.

Tsakanin sabon daɓe da bango a tsayar da soso ko siririn katako mai kaurin santimita 1, daga baya a cire na sama a cike da kwalta. Hakan yana barin daɓe ya motsa ba tare da ya ja bango ba, ruwa kuma bai samu hanya ba. A zuba, a caccaka da rodi don iska ta fita, a ja da miƙaƙƙen katako. In ruwa ya taso sama a jira ya ɗauke kafin a shafe. Barbaɗa busasshen siminti a kansa yana ba da santsi mai kyau a ido, amma fatar tana ɓarewa cikin 'yan watanni. A waje ma santsi ba abin nema ba ne, a ja tsintsiya a kai don kada a zame da damina. Kowace mita 2.5 zuwa 3 a ja layin gaɓa mai zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin, wato santimita 2.5 a daɓe mai santimita 10. Kankare dole ya tsuke ya tsage, layin ne ke zaɓa masa wuri.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar damina, Oktoba zuwa Nuwamba, ƙasa na da sauran danshi kuma ba fargabar ruwan sama. Iskar hunturu da zafin Maris da Afrilu, lokacin da Sakkwato da Maiduguri ke wuce digiri 40, suna busar da fuskar kankare tun bai kama ba, ta yi ƙananan tsagu. In dole ne a yi a lokacin, a zuba da sassafe ko bayan la'asar. Da zarar fuska ta yi taurin da yatsa ba ya lotsa ta, a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara ko yashi, a riƙe shi da danshi kwana 7 ba yankewa; yayyafi sau ɗaya da safe a bar wa rana bai wadatar ba. Ana iya takawa bayan kwana 2. Ƙaramar mota ta jira aƙalla kwana 10, tankar ruwa ko tifa kuwa sai bayan kwana 28. Ruwan farko na damina in ya sauka, a fita a duba inda yake bi da inda yake kwanciya, a sake cike duk gaɓar da kwaltarta ta buɗe.